Ryan Smyth da Mutanen Edmonton: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗan Wasan da Aka Yi Musayarsa, Gari Ya Ƙi Mantawa da Shi

Duk wanda ya taɓa goyon bayan wata ƙungiya ya san zafin wayar gari a ce ɗan wasan da yake ji da shi ya tafi. A ƙwallon ƙafa akan ce an sayar da shi, ko shi ya matsa sai ya tafi. A wasan hoki na ƙanƙara da ake bugawa a Kanada da Amurka abin ya fi haka ciwo, domin sau da yawa ɗan wasan bai nemi tafiya ba, bai ma san da maganar ba sai da wayarsa ta yi ƙara. Labarin da ya fi tsaya mini a rai a wannan fanni shi ne na Ryan Smyth da garin Edmonton. Ga tambayoyin da mai karatu zai so jin amsarsu.

Kafin a yi nisa, wane irin wasa ne wannan?

Hoki ne, amma ba irin na kan ciyawa da aka sani a makarantunmu ba. A kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa, 'yan wasa sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, suna sulu da gudu. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili har da mai tsaron raga, ana kuma canza sauran biyar ɗin kusan kowane minti ɗaya saboda gajiya. Abin da ake bugawa da sanda wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa. Don sauƙin magana ƙwallo zan riƙa ce masa. Ana buga zubi uku, minti 20 kowanne. Babbar gasar ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32, bakwai daga cikinsu a Kanada, kuma abin da kowa ke mafarki shi ne Kofin Stanley.

Me ake nufi da musayar ɗan wasa? Ba sayarwa ba ce?

A'a. A NHL ta yau ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa kamar yadda ake yi a Turai. Ƙungiya ta ba da mutum, a ba ta mutum, ko a ba ta damar zaɓen matashi a zaɓen da ake yi duk shekara. Kwantiragin ɗan wasan na bin sa zuwa sabuwar ƙungiyar yadda yake. In dai babu sharaɗi a takardarsa da ya ce sai da amincewarsa, babu mai tambayarsa ra'ayi. Mutum zai yi atisaye da safe a gari ɗaya, da daddare yana cikin jirgi zuwa wani garin, matarsa da 'ya'yansa su biyo baya in an gama zangon karatu.

Akwai kuma ranar rufe kasuwa, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. A ranar ce manajoji ke yanke shawara mai zafi kan 'yan wasan da kwantiraginsu zai ƙare a ƙarshen kaka. In ba a sabunta ba, ranar 1 ga Yuli ɗan wasan ya zama mai cin gashin kansa, zai iya tafiya inda ya ga dama, ƙungiya ta tashi a tutar babu. Shi ya sa manaja kan ce gara ya ba da shi yanzu ya samu wani abu. Tun 2005 kuma aka ƙayyade adadin kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, wanda ya fara da dala miliyan 39. Wannan iyaka ta raba 'yan wasa da yawa da garuruwan da suke ƙauna.

Wane ne Ryan Smyth?

An haife shi ranar 21 ga Fabrairun 1976 a Banff, wani ƙaramin gari cikin duwatsun lardin Alberta, lardin da Edmonton ke zaman babban birninsa. Ya tashi yana goyon bayan Edmonton Oilers a zamanin da ƙungiyar ke tashe da Wayne Gretzky da Mark Messier. A 1987, yana ɗan shekara 11, yana cikin yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasan ƙasar Kanada sanduna lokacin da suka yi sansanin atisaye a garinsu. Shekara bakwai bayan haka, a 1994, Oilers ta zaɓe shi a matsayi na shida, ya kuma ɗauki lamba 94 a bayan rigarsa.

Ya yi wa ƙasarsa wasa sau da yawa har aka laƙaba masa Kyaftin Kanada. Yana cikin waɗanda suka ci zinare a gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, ya kuma ɗauki kofin duniya a 2003 da 2004. Akwai dalilin da ya sa yake yawan zuwa gasar duniya: ana buga ta ne a lokacin da manyan ƙungiyoyi ke fafutukar Kofin Stanley, don haka waɗanda aka riga aka fitar ne ke da sarari. Da yawa daga cikin taurari kan ce sun gaji, su tafi hutu. Shi in an kira shi yakan amsa.

Me ya sa suke ƙaunarsa haka, alhali bai kama ƙafar Gretzky a gwaninta ba?

Nan ne zuciyar maganar, kuma sai an san garin kafin a gane. Edmonton ce ta fi kowane birni mai ƙungiyar NHL kusa da arewa. Sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, rana ta faɗi tun kafin a tashi daga aiki. Garin ya ci Kofin Stanley sau biyar, a 1984, 1985, 1987, 1988 da 1990, sannan ya zauna yana kallon taurarinsa suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 9 ga Agustan 1988 aka ba da Gretzky ga Los Angeles Kings, a cinikin da ya haɗa da tsabar kuɗi dala miliyan 15. Messier ya koma New York Rangers a 1991. Doug Weight, kyaftin ɗinsu, ya koma St. Louis a 2001 saboda ƙungiyar ba za ta iya biyansa ba. A 2006, kwanaki kaɗan bayan sun kai wasan ƙarshe, babban mai tsaron bayansu Chris Pronger ya nemi a sallame shi. Mutanen garin sun saba da jin cewa duk wanda ya yi suna sai ya bar su.

A cikin wannan hali ga wani ɗan lardinsu da ke faɗa da bakinsa cewa nan yake so ya zauna. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a shekarun da miyar Oilers ta ƙare Smyth na nan.

Sai kuma irin wasansa. Ba shi da gudu na a zo a gani, bugunsa ma ba mai ƙarfi ba ne. Aikinsa shi ne ya je ya tsaya daram a gaban ragar abokan hamayya, ya tare wa mai tsaron raga gani, masu tsaron baya suna dukan bayansa da sanda, abokan wasansa kuma suna harbo wannan daskararriyar roba ta inda yake tsaye. In ta taɓa sandarsa ko ƙafarsa ta karkata cikin raga, shi ke nan. In mai tsaron raga ya amayo ta, shi ne na farko a kanta. Da irin wannan wahala ya ci ƙwallo 39 a kakar 1996 zuwa 1997. Ma'aikacin rijiyar mai ko direban babbar mota da ya sayi tikiti yakan ga kansa a jikin mutum irin wannan.

Abin da ba a mantawa shi ne daren watan Mayun 2006, wasa na uku a zagaye na biyu na wasannin neman Kofin Stanley, da San Jose Sharks. An riga an ci Oilers wasa biyu. Pronger ya buga ƙwallo don ya fitar da ita daga gida, ta sami Smyth a baki. Haƙora uku suka zube, jini ya ɓata farar ƙanƙara. Ya shiga ciki aka yi masa ɗinki, ya dawo fili da kumburarren baki. Wasan ya ƙi ƙarewa har aka shiga ƙarin lokaci na uku, kuma shi ne ya zagayo bayan raga ya miƙa wa Shawn Horcoff ƙwallon da ta raba gardama. Daga nan Oilers ba ta sake faɗuwa a hannun San Jose ba. Ƙungiyar da ta shiga zagayen neman kofi a matsayi na takwas, wato na ƙarshe a yankinta, ta kai har wasan ƙarshe, inda Carolina Hurricanes ta doke ta a wasa na bakwai.

Akwai wata 'yar al'ada tasa da nake so ƙwarai. Idan an gama motsa jiki kafin wasa, yakan tsaya ya jefa wa yara ƙwallaye ta saman gilashin da ya kewaye fili kafin ya shige. Yaron da ya cafe ɗaya a 1999 magidanci ne yau, kuma ina da yaƙinin tana nan ajiye a gidansa.

Me ya faru ranar 27 ga Fabrairun 2007?

Ranar rufe kasuwa ce, kuma ranar ce aka tsara babban biki a filin Rexall Place don rataye riga mai lamba 11 ta Mark Messier, wato karramawar da ake yi wa gwarzo ta hanyar daina ba wa kowa lambarsa. Tsofaffin taurari sun hallara. Gretzky ma yana gari, domin shi ne kocin Phoenix Coyotes da za a kara da ita a daren. Gari ya shirya murna.

Kwantiragin Smyth zai ƙare a ƙarshen kakar, an daɗe ana tattaunawa ba a daidaita ba. A kakar nan yana kan ganiyarsa: ƙwallo 31 a wasa 53, kuma a watan Oktoba ya zura uku cikin minti biyu da daƙiƙa ɗaya, ya karya tarihin da Gretzky ya kafa a ƙungiyar. Kowa ya ɗauka za a sa hannu a minti na ƙarshe. Ana dab da rufe kasuwa babban manaja Kevin Lowe ya ba da shi ga New York Islanders. Labarin ya bazu kafin mutane su isa filin wasa, bikin Messier ya koma kamar walima a gidan da aka yi rashi. Lowe, wanda shi ma tsohon abokin wasan Messier ne, bai fito cikin fili ba a wajen bikin.

Washegari Smyth ya tsaya gaban 'yan jarida a filin jirgin saman Edmonton. Duk wanda ya ga hoton bidiyon ba zai manta ba: ƙato mai dogon gashi har wuya, muryarsa na rawa, hawaye na zuba, yana ƙoƙarin haɗa magana tana kakkarye masa. Ya ce zai je ya yi iya ƙoƙarinsa ya ci kofi, ya kawo shi Edmonton, domin nan zuciyarsa take. Mutum ne da aka sallama jiya, yana kan hanyar zuwa wata ƙungiya, amma alkawarin da ya fito daga bakinsa na garin da ya sallame shi ne. Daga wannan rana fatan dawowarsa ya kafu a zukatan mutane.

Da gaske saboda dala 100,000 aka rabu? Laifin wa ne?

Abin da jaridu suka ruwaito a lokacin shi ne ɓangarorin biyu sun yarda da shekara biyar, tazarar da ta rage kuma ba ta wuce kimanin dala 100,000 a shekara ba, a kwantiragin da ya haura dala miliyan biyar a shekara. Wannan ne ya fi ƙona wa magoya baya rai.

Adalci shi ne a saurari ɓangaren manaja. Smyth ya cika shekara 31, kuma irin wasansa na cin jiki. Ba da kwantiragin shekara biyar ga mai wannan shekaru, a ƙarƙashin iyakar albashi da a kakar take dala miliyan 44, caca ce. In kuma aka bar shi har Yuli ba a daidaita ba, zai tafi a banza. Lissafin yana da kai. Amma ni a ganina lissafin ya bar wani abu a waje. Ƙungiyar da manyan 'yan wasa ke gudun zuwa garinta ba ta da abin da ya fi mata daraja kamar mutumin da ke roƙon ya zauna. Shi ma Smyth da wakilinsa suna da nasu kason, domin da alama sun ɗauka ƙungiyar ba za ta iya rabuwa da shi ba. Kowa ya ja igiya yana zaton ɗayan zai saki, sai ta tsinke.

Me Oilers ta samu a madadinsa?

Matasa biyu, Robert Nilsson da Ryan O'Marra, da damar zaɓe a zagayen farko na 2007, wadda ta ɗauki Alex Plante da ita. Nilsson ya ɗan taɓuka, amma a 2010 ƙungiyar ta biya shi ta soke kwantiraginsa. O'Marra bai kai wasa 40 ba a NHL, Plante kuwa wasa 10 ya buga. Bayan tafiyar Smyth, wasa biyu kacal Oilers ta ci a cikin kusan 20 da suka rage a kakar, kuma ta shafe shekara 10 a jere ba ta shiga zagayen neman kofi ba. Ba za a ɗora duk wannan a kan musaya ɗaya ba, amma daga nan mutanen garin ke fara ƙirgen shekarun wahala.

Tunda kwantiraginsa ya ƙare a Yulin 2007, me ya hana shi dawowa nan take?

Wannan shi ne fatan da magoya baya suka riƙe tsawon wata huɗu. Akan yi hakan a NHL: a ba da ɗan wasa kamar aro na 'yan watanni, in kaka ta ƙare ya koma gida ya sa sabon hannu. Smyth ya buga wa Islanders wasa 18, ya taimaka mata ta shiga zagayen neman kofi, Buffalo ta fitar da su a zagayen farko. Ranar 1 ga Yuli ta zo, sai ya sa hannu da Colorado Avalanche, shekara biyar a kan dala miliyan 31.25.

Wasu sun ji haushi, suka ce ashe hawayen filin jirgi na kuɗi ne. Ban yarda da wannan ba. Mutanen da suka sallame shi su ne dai ke riƙe da ƙungiyar, rauni bai warke ba, kuma sana'ar da ake barinta kafin shekara 40 ba a yi wa mai ita gorin neman abin da zai riƙe iyalinsa. Mafi yawan magoya baya sun fahimci haka. Fatan bai mutu ba, ya dai koma jiran lokaci.

Yaya magoya baya ke nuna ƙauna ga wanda ya koma wata ƙungiya?

Akwai al'ada mai kyau a wannan wasa. Ranar da tsohon ɗan wasa ya fara dawowa garin da rigar baƙi, akan ɗan dakata kafin a fara wasa ko a tsakiyar zubin farko, a haska hotunan bajintarsa a babban allon da ke rataye a saman fili. Jama'a su miƙe tsaye suna tafi, 'yan wasan ɓangarorin biyu suna buga sandunansu a jikin katangar fili, wanda shi ne tafin ɗan hoki tunda hannunsa na cikin safa mai kauri. Shi kuma ya ɗaga hannu ko ya dafa ƙirji. Haka aka yi wa Smyth da ya zo da rigar Colorado a watan Oktoban 2007.

Haka aka yi wa P.K. Subban a Montreal a watan Maris na 2017, bayan an yi musayarsa da Shea Weber na Nashville a Yunin 2016. Subban ya yi alkawarin tara dala miliyan 10 ga asibitin yara na Montreal tun yana can, kuma tafiyarsa ba ta sa ya janye ba. Da aka haska bidiyonsa yana tsaye a kan ƙanƙara, hawaye ne ke bin kumatunsa.

Sauran alamun ƙanana ne amma sun fi daɗewa. Mutum ya ci gaba da sa tsohuwar rigar zuwa filin wasa shekara da shekaru. Yara su ɗaga kwali da aka rubuta a dawo gida. Masu kiran waya a shirye-shiryen rediyo su riƙa tambaya duk lokacin da kasuwa ta buɗe ko akwai hanyar da za a dawo da shi. A Edmonton riga mai lamba 94 ba ta taɓa ɓacewa daga kujerun 'yan kallo ba a shekaru huɗun da ya yi a waje.

Wannan ba rashin biyayya ga ƙungiya ba ne?

Ko kaɗan. Yaba kyauta tukuici. Mai goyon baya na iya tafa wa tsohon ɗan wasansa minti biyu, sannan ya zauna ya yi fatan a doke ƙungiyar da ya zo da ita. Manajoji na zuwa suna tafiya, masu ƙungiya ma na canzawa. Abin da ya rage wa mai sayen tikiti shi ne tunanin waɗanda suka zubar da jini da gumi a gabansa, kuma babu takardar musaya da za ta ƙwace masa wannan.

To yaya aka yi ya dawo?

Colorado ta ba da shi ga Los Angeles Kings a Yulin 2009. Ya yi kaka biyu a can yana wasa mai kyau, a ƙungiyar da kowa ke ganin tana dab da zama babba. A bazarar 2011 shi da kansa ya nemi a mayar da shi gida, saboda yana so 'ya'yansa su tashi a Alberta kusa da dangi. Ranar 26 ga Yunin 2011 aka kammala: Smyth ya koma Edmonton, Kings ta karɓi Colin Fraser da damar zaɓe a zagaye na bakwai.

A duba inda ya bari da inda ya koma. Oilers ce ta ƙarshe a duk gasar kaka biyu a jere. Kings kuwa, shekara ɗaya bayan tafiyarsa, a Yunin 2012, ta ɗauki Kofin Stanley karo na farko a tarihinta. An zana sunan Colin Fraser a jikin kofin. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma wannan kofi ba rabon Smyth ba ne. Ya yi ritaya bai taɓa ɗaga shi ba. Mutanen Edmonton sun san abin da dawowar ta ci masa, shi ya sa ƙaunar ta ƙara zurfi.

Dawowar ta biya buƙata?

Ya danganta da buƙatar da mutum ya zo da ita. Wanda ya tafi ɗan shekara 31 ne, wanda ya dawo ɗan 35. A kakar farko ya buga dukkan wasanni 82 ya ci ƙwallo 19, wanda ba laifi. Daga nan ƙafa ta fara nauyi, aka riƙa rage masa lokaci, har aka mayar da shi layin baya cikin maharan ƙungiyar. A kakarsa ta ƙarshe ƙwallo 10 ya ci. Oilers ba ta shiga zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya a shekaru ukun. Akwai masu sharhi da suka ce son zuciya ne ya dawo da shi, kuma ta fuskar sakamako ba su yi ƙarya ba.

Amma ƙungiyar cike take da yara a lokacin: Taylor Hall, Jordan Eberle, da Ryan Nugent-Hopkins wanda aka zaɓa kwana biyu kafin dawowar Smyth. Sun ga dattijo yana tsayawa bayan atisaye yana koyon karkatar da ƙwallo a gaban raga kamar sabon shiga. Nugent-Hopkins ya zauna a Edmonton duk tsawon shekarun wahala, har ya buga wasan ƙarshe na neman kofi da ita a 2024 da 2025. Ba zan ce Smyth ne ya sa ba, amma ya ga misali da idonsa.

Shi kaɗai ne aka taɓa yi wa irin wannan jira?

Ina! A Vancouver an ba da Trevor Linden ga Islanders a Fabrairun 1998, gari ya yi ta kewa har ya dawo a Nuwamban 2001, ya yi ritaya a can a 2008, aka rataye rigarsa mai lamba 16. A Toronto an yi musayar Wendel Clark a 1994, a cinikin da ya kawo Mats Sundin, kuma duk da Sundin ya zama gwarzo, mutane ba su huta ba sai da Clark ya dawo a 1996.

Wasu kuwa jiran bai haifar da komai ba. Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi shekara da shekaru yana kyaftin ɗin Calgary Flames kafin a ba da shi ga Pittsburgh a Maris na 2013. Bai sake sa rigar Flames a wasa ba. A Calgary dai ya zo ya sanar da ritayarsa a 2018, aka rataye lambarsa 12 a shekarar da ta biyo. Na kusa-kusan nan shi ne Brad Marchand, kyaftin ɗin Boston Bruins, da aka ba Florida Panthers a Maris na 2025. Mutanen Boston sun yi fatan aro ne na 'yan watanni. Ya ci kofi da Florida, a kan Oilers kuwa, ya sa hannu a kwantiragin shekara shida a can. Gretzky ma bai taɓa dawowa ya yi wa Edmonton wasan gasa ba. Waɗanda ba su dawo ba sun fi waɗanda suka dawo yawa nesa ba kusa ba, kuma magoya baya sun san haka tun ranar da suka fara jira.

Yaya aka rabu a karo na biyu?

Ranar 12 ga Afrilun 2014, wasan ƙarshe na kaka, a Rexall Place, da Vancouver Canucks. Ƙungiyoyin biyu duk sun riga sun fita daga neman kofi, don haka a takarda wasan ba shi da wani amfani, amma fili ya cika maƙil. Duk shekarun da ya yi a Oilers, mutumin da ake kira Kyaftin Kanada bai taɓa zama kyaftin ɗin ƙungiyarsa ba. A daren nan kyaftin Andrew Ference ya sauka ya bar masa, aka ɗinka harafin kyaftin a ƙirjin riga mai lamba 94.

Yana da ƙwallo 126 da ya ci wa Oilers a lokacin da aka fitar da ɗan wasan abokan hamayya saboda laifi, daidai da tarihin da tsohon ɗan wasan ƙungiyar Glenn Anderson ya kafa. Ɗaya kawai yake nema ya wuce shi. Duk lokacin da alƙalin wasa ya hukunta Vancouver sai fili ya kaure da kiran sunansa, shi kuma ya je ya tsaya inda ya saba tsayawa shekara 19, abokan wasansa suna ta harbo masa. Ba ta shiga ba. Oilers ta ci 5 da 2, ya gama da wasa 1,270 da ƙwallo 386 a NHL, 971 daga wasannin da rigar Edmonton. A 2022 yana cikin mutum biyun farko da aka zaɓa zuwa sabon zauren girmamawa na ƙungiyar.

Da aka busa tashi babu wanda ya nufi ƙofa. 'Yan wasan Vancouver suka dawo kan ƙanƙara, suka yi layi, kowa ya ba shi hannu. Abokan wasansa suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka bar masa filin, ya riƙa zagayawa a hankali yana ɗaga wa kowane ɓangare hannu, fuskarsa sharkaf da hawaye kamar ranar filin jirgi. Matarsa da 'ya'yansa suna jiransa a bakin fili, ya je ya rungume su, jama'a na tsaye suna ta kiran sunansa.